ZAUREN MASU GYARA: Kafin Ka Rabu Da Garmahon Baba, Duba Wayarsa

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na wata-wata, inda muke tattauna kayan lantarki na cikin gida da yadda za a kula da su. A 'yan watannin nan tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa, daga Nima, daga Mamobi, daga Sabon Zango, har da nan Adabraka. Mutum ya gaji garmahon mahaifinsa da tulin faya-fayai, ya kakkaɓe ƙura, ya jona da amfilifaya, to maimakon waƙa sai wani gurnani ya cika ɗaki kamar an kunna injin niƙa a maƙwabta. Wani kuma lasifika ɗaya ce take magana, ɗayar ta yi gum. Sai a ce mana: Malam, injin nan ya mutu ne, mu kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa?

Amsarmu ita ce a dakata tukuna. Sau da yawa injin lafiyarsa lau, faifan ma lafiyarsa lau. Ciwon yana jikin wasu 'yan siraran wayoyi ne da suke tashi daga kan allura, su bi ta cikin hannun garmaho, su fita ta baya zuwa amfilifaya. Su ne suka fi komai araha a cikin kayan, su ne kuma ba mai waiwayar su. To ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

Kafin mu shiga batun waya, ya kamata matasanmu su san abin da ake shirin zubarwa. A wajen 1927 kamfanin Zonophone ya riƙa ɗaukar waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, cikin harsuna da dama har da Hausa, kuma a 1928 ne mawaƙan Kumasi Trio suka je can aka ɗauke su. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Decca ya buɗe ɗakin ɗaukar murya a nan Ankara, inda E. T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos suka fara sa waƙoƙinsu a faifai a 1952. Daga baya ƙasar nan ta samu masu buga faifai na kanta, irin su Ambassador a Kumasi da Essiebons a Ankara. A gidajenmu na zango kuwa, ban da waɗannan, akwai faya-fayan Alhaji Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos da fatake suka riƙa shigowa da su daga Nijeriya, da na finafinan Indiya, a wasu gidajen ma har da na karatun Shaihu Mahmud Khalil al-Husari na Masar, wanda aka ɗauki karatunsa na Alƙur'ani cikakke a 1961.

Dokar hana fitar dare da aka yi daga 1982 zuwa 1984 ta kashe wuraren kiɗa na birnin nan, kaset kuma ya zo ya ƙarasa kasuwar faifai. Ba kowane faifai ne aka mayar a kaset ko a intanet ba. Saboda haka akwai waƙar da mai yiwuwa kwafinta na ƙarshe yana ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a Mamobi. In ya tafi, ya tafi ke nan.

ME YA SA WANNAN WAYA TA BAMBANTA?

A jikin faifai akwai wata 'yar siririyar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Allura tana bin ta tana karkarwa. A cikin ɗan akwatin da yake riƙe da allurar, wato kan allura, akwai ɗan maganaɗisu da naɗin waya, su ne suke mayar da karkarwar nan ta zama wutar lantarki. To amma wutar fa 'yar mitsitsiya ce ƙwarai. Irin kan allurar da ya fi yawa a gidajenmu, abin da yake fitarwa bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 1,000 na bolt ɗaya ba. Batirin tocila guda yana da bolt 1.5, wato ya ninka shi kamar sau 300. Injin CD yana fitar da har bolt 2, wato kamar sau 400. Akwai ma wani irin kai mai tsada wanda abin da yake bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba.

Wannan raɗa ita ce wayar take ɗauke da ita. Amfilifaya kuwa tamkar sanƙira ce a wajen biki: abin da aka raɗa mata a kunne shi take ɗagawa ta faɗa wa duniya, ba ruwanta da ko gaskiya ne ko ƙarya. Ramin da aka rubuta wa PHONO a bayanta yana ninka abin da ya shigo kamar sau 100 tun kafin ya isa sauran sassan. Duk wata ƙazanta da ta shiga waya a hanya, tare za a ninka su da waƙar, kuma babu wani maɓalli da zai raba su daga baya. Ruwan da ya gurɓata tun daga rijiya, kyan tulu ba ya gyara shi.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara tsananta al'amarin. Lokacin da ake yanka faifai, da gangan ake rage kaurin sauti, wato irin na ganga da babban jita, don kada hanyar allura ta yi faɗi ta cinye wuri. Da wannan dabara ne ake samun kamar minti 20 a fuska ɗaya. Masu sana'ar a Amurka sun tsayar da ƙa'ida ɗaya a kan haka a 1954, ana kiran ta RIAA. Aikin ramin PHONO ne ya mayar da kaurin da aka rage. To wutar lantarkin Gana bolt 230 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma sauti mai kai da komowa sau 50 yana cikin masu kaurin nan da ake ƙara wa ƙarfi. Ana ɗaga shi kamar sau 7 fiye da tsakiyar murya. Ke nan in ɗan burbushin wutar gida ya tsallaka cikin wayar, ba sau 100 za a ninka shi ba, kusan sau 700 ne. Gurnanin da kuke ji ke nan.

WAYOYI HUƊU DA TA BIYAR

Tun da faifai mai murya biyu, ta hagu da ta dama, ya shiga kasuwa a 1958, wayoyi huɗu ne suke fita daga bayan kan allura, kuma launinsu ƙa'ida ne. Fara ita ce ta hagu, shuɗiya abokiyar tafiyarta. Ja ita ce ta dama, koriya abokiyar tafiyarta. In aka juya biyu na gefe ɗaya, misali aka sa koriya a mazaunin ja, waƙa za ta fito amma ba kauri, muryar mawaƙi kuma ka rasa daga ina take zuwa. Wannan ya fi fitowa fili a tsofaffin ƙananan faya-fayanmu, domin galibinsu masu murya ɗaya ne, sai lasifikar hagu ta riƙa turawa ta dama tana ja, suna kashe wa juna ƙarfi.

A cikin hannun garmaho wayoyin nan sirara ne kamar zaren ɗinki, kuma da dalili. Nauyin da allura take ɗorawa a kan faifai bai wuce giram 2 ba, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan. Dole hannun ya riƙa juyawa sakayau. In mai gyara ya sa waya mai kauri ko mai tauri a ciki, sai ta riƙa riƙe hannun, allura ta dinga tsalle ko ta dinga cin gefe ɗaya na hanyar. Daga nan sai mai gida ya ɗauko kwabo ya ɗora a kan allura wai don ta zauna. Jama'a, a daina wannan. Kwabon yana hana tsalle, amma yana kankare faifan, kuma abin da allura ta kankare ba ya dawowa.

Daga gindin hannu zuwa amfilifaya kuma akwai waya biyu masu filogi ja da fari. Kowace tana da zuciya a tsakiya, da wata rigar saƙar jan ƙarfe da ta lulluɓe ta. Rigar nan ita ce katangar da take tare wutar gida da ta tashoshin rediyo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in saƙar ta tsinke a gindin filogi, ko kuwa tun asali 'yar shara-shara ce, gurnani ya samu ƙofa. Tun da tashoshin FM masu zaman kansu suka fara yawaita a birnin nan daga 1995, ga kuma wayar hannu a kowane aljihu, aikin rigar nan ya ƙaru. Wanda ya taɓa jin muryar mai labarai tana fitowa daga garmahonsa, ba aljanu ba ne, waya ce ta zama eriya.

Ta biyar ita ce wayar ƙasa, wata siririya tilo mai ɗan ƙarfe kamar cokali mai yatsu a bakinta. Aikinta ta haɗa ƙarfen jikin garmaho da na amfilifaya. Mazauninta shi ne ɗan kusar da aka rubuta wa GND kusa da ramin PHONO. Da yawa daga cikin gurnanin da ake kawo kuka a kai, wannan waya ce kawai aka bari tana lilo a bayan kabad. A kula da kyau: ba a cusa ta a soket na bango, ko kusa. Akwai kuma wasu garmaho da aka ƙera ba su da ita, an haɗa ta ta ciki, waɗannan ba laifi ba ne.

TSAWO YANA DA ILLA

Wani zai ajiye garmaho a wannan kusurwa, amfilifaya a waccan, ya sayo waya mita 5 ya ƙara. Wannan kuskure ne. Kowace waya mai riga tana riƙe wani ɗan abu daga wutar da ke bi ta cikinta, kamar yadda soso yake riƙe ruwa, kuma iya tsawonta iya abin da take riƙewa. Ma'aunin wannan riƙo ana ce masa fikofarad. Wayar kasuwa ta yau da kullum tana da wajen 100 a kowace mita, mai kyau kuma ƙasa da haka. Kamfanin Audio-Technica, alal misali, yana ba da shawarar kada jimillar ta fita daga 100 zuwa 200 ga yawancin kawunan allurarsa, kuma a cikin wannan lissafi har da wayar cikin hannu da ita kanta amfilifayar. In aka zarce da yawa, sai sauti ya yi wani ƙarau mai sukar kunne, siraran amo na can sama kuma su ɓace. Saboda haka mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa. In dole ne a yi nisa, a ƙara tsawon wayar lasifika, ita ba ta da wannan laulayi.

ISKAR TEKU DA ƘURAR HUNTURU

Mu mazauna Ankara muna da wani ƙarin abokin gaba. Iskar da take tasowa daga teku tana ɗauke da laima da gishiri, su kuwa ba sa ga maciji da jan ƙarfe. Ka duba bakin filogin da ya shekara 30 a bayan kabad, za ka ga ya yi baƙi ko kore-kore. Hunturu kuma ya zo da ƙura ta shiga ramuka, damina ta jiƙa ta. Ga wutar da ta kai bolt 230 wannan datti ba komai ba ne, amma ga raɗar da muka bayyana, katanga ce. Ita ce take kawo ƙaras-ƙaras, da ɗaukewar gefe ɗaya ya dawo in an taɓa. Robar jikin tsohuwar waya ma zafi yana busar da ita ta tsage, ɓeraye da kyankyasai kuma su ƙarasa.

YADDA ZA KA BINCIKA DA KANKA

Da farko ka rage murya ƙasa, ka kashe amfilifaya duk lokacin da za ka cire ko ka sa filogi.

Na ɗaya, tabbatar garmahon yana ramin PHONO. In ka sa shi a AUX, murya za ta fito ƙasa-ƙasa ba kauri. Wasu sababbin garmaho suna da nasu abin ƙara ƙarfi a ciki, da ɗan maɓalli a baya mai PHONO da LINE. In yana kan LINE, to AUX ne mazauninsa.

Na biyu, ɗaura wayar ƙasa a kusarta, ka kankare bakin har ƙarfe ya yi haske.

Na uku, in gefe ɗaya ne ba ya magana, musanya filogin ja da fari a bayan amfilifaya. In shirun ya koma ɗaya lasifikar, ciwon yana wajen garmaho ko wayarsa. In ya tsaya inda yake, to amfilifaya ce ko lasifika, a bar garmaho ya huta.

Na huɗu, kunna da 'yar murya kaɗan, ka motsa wayar a hankali daga gindin filogi zuwa inda ta shiga injin. Inda ka taɓa ka ji ƙaras, nan ta karye ta ciki.

Na biyar, goge bakin filogi da 'yan ƙusoshin da ke bayan mariƙin allura da auduga da ɗan sifirit. Abin goge fensir na 'yan makaranta ma yana fitar da baƙin. Ban da man ja, ban da baƙin mai, ban da yawu.

Na shida, raba wayar garmaho da wayoyin wuta. Kada a ɗaure su a dami ɗaya don ado. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. A nisanta ta da sitabilaiza, da cajar waya, da talabijin, kuma kada a ɗora garmaho a kan amfilifaya daidai inda tiransifomarta take.

Ga kuma wata alama mai amfani. In gurnani yana nan ko faifai ba ya juyawa, maganar waya ce. In kuwa sai allura ta sauka a kan faifai yake tasowa, to girgiza ce, ko daga injin ko daga lasifikar da aka ajiye a tebur ɗaya da shi.

IN ZA A KAI WA MAI GYARA

In binciken ya nuna wayar cikin hannu ce, ko kuwa irin garmahon da wayarsa a liƙe take ta ciki, kamar Technics SL-1200 MK2 da ya fito a 1979 wanda masu kiɗan biki suka sani, to aikin mai gyara ne. A Zongo Lane ana samun filogi da waya da masu hannu. Amma ka tsaya a kan abu uku. Kada a kai ƙarfen liƙi mai zafi jikin ƙusoshin kan allura, domin naɗin da ke ciki ya fi gashi siranta, nan da nan zafi zai tsinka shi. 'Yan maƙalai ake zurawa da hantsaki. Sannan wayar cikin hannu ta zama siririya mai laushi irin ta asali. Na uku, tsohon rediyo mai faifai irin na katako mai kwalabe a ciki, kada kowa ya buɗe bayansa in ba masani ba, domin akwai wuta mai kisa a ciki, wani lokaci ko bayan an cire shi daga soket.

Wajen sayen waya kuma, araha ba ta ado. Akwai wadda in ka feɗe za ka tarar 'yan silla kaɗan ne a maimakon saƙa, akwai kuma wadda ƙarfe ne ko sanholo aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka roƙi mai kanti ya feɗe maka baki ka gani. In maganaɗisu ya kama sillan, ko ka kankara ka ga fari a ciki, ajiye masa abarsa. Amma kuma kada a ruɗe ku da na Turai masu tsadar gaske da ake cewa na azurfa ne. Gaskiya ne azurfa ta fi jan ƙarfe saurin wuce da wuta, amma da kamar kashi 6 cikin 100 ne kacal, kuma a tsawon mita ɗaya wannan ba abin da zai canza. Ruwan zinariya a bakin filogi yana da amfani guda, ba ya tsatsa, wannan kuwa a garinmu ba ƙaramin abu ba ne. Abin nema dai huɗu ne: gajarta, saƙa mai kauri, ƙarancin riƙo, da baki mai tsabta da yake kamawa tsam.

A CE ALBARKA

Faifai ya dawo da daraja a duniya. A 2022 yawan faya-fayan da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, abin da rabon a gani tun 1987. Kamfanoni irin su Soundway na Ingila, wanda ya fitar da tarin Ghana Soundz a 2002, da Analog Africa na Jamus, sun sake buga tsofaffin waƙoƙin ƙasar nan, duniya kuma ta karɓa. Shi ya sa za ku ga masu neman tsofaffin faya-fayai suna bin gidaje da kasuwanni. A nan gida ma akwai waɗanda suka san darajar abin tun da wuri: Farfesa John Collins ya kafa ma'ajiyar BAPMAF a 1990, Kwame Sarpong kuma ya buɗe gidan tarihin faya-fayan garmaho a Cape Coast a 1994.

Ba mu ce sayarwa laifi ba ne, kowa ya san halin da ake ciki. Abin da muke cewa shi ne kada mutum ya sallama dukiyar da bai taɓa jin abin da ke cikinta ba, don kawai wata waya ta yi tsatsa. Masu tarihin birnin nan suna cewa sunan Adabraka kansa daga bakin 'yan kasuwarmu ya fito, daga kalmar albarka, wadda mai kaya yake faɗa in tayi bai kai ba. To in mai saye ya zo ya taya akwatin Baba, a ce masa albarka tukuna. A gyara waya, a tara yara da jikoki, a sa musu su ji abin da kakanninsu suke saurare. Bayan nan in an ga za a sayar, an san abin da ake sayarwa.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake wanke faifai ba tare da an ɓata shi ba, da dalilin da ya sa tsohon faifai mai nauyi mai gudun 78 yake bukatar allurarsa daban. Mai tambaya ya aiko ta ofishin wannan jarida kamar yadda aka saba. Mu kwana nan, a huta lafiya.